Akwatin Tibet a ƙasar hunturu: gane na asali da riƙonsa kada ya lalace

Cikin kayan da ke sauka tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru daga Sin, tsakanin kujerun falo da tayil, akan tsinci wani akwati ko kabad ja mai zanen furanni da dodanni, ya yi duhu kamar wanda ya shekara goma a madafa. Mai kaya zai ce maka na Tibet ne, yankin nan mai tsaunuka a yammacin Sin, kuma tsoho ne. Wani lokacin a gwanjon kayan baƙi masu barin Njamena ake samunsa. Ko ta ina ya biyo, ba don ƙasarmu aka yi shi ba. Damina ɗaya da hunturu ɗaya a Garwa suna iya yi masa ɓarnar da shekara 200 a Lasa, babban birnin Tibet, ba su yi ba, abin da yanayi ya rage kuma sai kafinta mai kyakkyawar niyya ya ƙarasa shi da takardar gugar katako da gwangwanin man ƙyalli.

Mutanen Tibet a ƙasa suke zama, kan katifu da dardumai, don haka kayan katakonsu ba su da yawa. Akwai akwatin ajiya, wanda suke kira gam (kalmar ta yi daidai da gam ɗinmu na manne abu, amma babu dangantaka). Akwai kabad, chagam, tsayinsa wajen mita ɗaya, galibi akan yi su biyu a jera. Akwai ɗan gajeren teburin shayi, choktse, da wani irinsa mai naɗewa wanda ake ɗora wa dabba a yi tafiya da shi. Manyan gidajen sufayen addinin Buddha irin su Ganden da aka kafa a 1409, da Drepung a 1416, da Sera a 1419, sun tara dubban mutane, kuma a irin waɗannan akwatuna suke adana alharini da tufafin bukukuwa da littattafai. Akwatuna sun fi kabad tsufa: ana samun na ƙarni na 15 da na 16, amma yawancin kabad ɗin da suka rage na ƙarni na 18 ne da na 19. Da yawa sun salwanta a juyin al'adun Sin na 1966 zuwa 1976, lokacin da aka rushe gidajen ibada masu ɗimbin yawa. Waɗanda suka tsira sun fara fita kasuwar duniya ta Katmandu, babban birnin Nepal, da Hong Kong a shekarun 1980 da 1990.

Makiyayansu, drokpa, suna zaune cikin baƙar tanti ta gashin yak, wata irin saniya mai dogon gashi. Nasu akwatin ƙarami ne, katako siriri an lulluɓe shi da fata, an ɗaure kusurwoyinsa da ƙarfe, a ciki suke zuba garin sha'ir da ganyen shayi da kayan adon mata. Wanda ya san yadda Mbororo ke ɗaure ƙore da kayan ɗaki a bayan takarkari ranar tashi, ya san dalilin da ya sa akwatin makiyayi ba ya yin nauyi kuma ba ya yin faɗi. Danginsa a wurinmu shi ne adudu.

Abin da ke ƙarƙashin zanen

Duk wani gyara da duk wani kuskure daga nan yake farawa, shi ya sa zan daɗe a kai.

Katakon mai laushi ne, dangin itatuwa masu ganye kamar allura da ake sarowa daga dazukan gabas da kudu maso gabashin Tibet, wajen Kham da Kongpo. Idan ka danna farce a bayansa zai shiga, kamar farin katakon ayus da ake kawo mana daga kudu, ba kamar maɗaci ko ƙirya ba. An haɗa kabad ne da harshe da rami, a soke da fegin katako. Allunan gaba suna zaune cikin kwarmin da aka fafe a jikin firam, ba a manne su ba, don su samu wurin motsi. Ƙyauren ba shi da maƙalin ƙarfe: yana da ɗan tsinin katako sama da ƙasa, kowanne ya shiga raminsa, a kansu yake juyawa. Sau da yawa ba za ka bambance ƙyaure da allon da ba ya buɗewa ba sai ka tura.

A kan katakon akan shafa gam na fata, wato wanda aka dafa daga fatar dabba. A akwatuna masu daraja akan manna yadi a kai don ya rufe mahaɗar alluna. Sannan a shafa farin shafe na alli ko farar ƙasa da aka dama da wannan gam ɗin, sau da yawa, a goge ya yi sumul. Wasu masu zanen sukan matso wannan farin shafe ta ɗan bututu su fitar da layuka masu tudu, kamar yadda mai lalle ke matso zane a hannun amarya, sannan a bi tudun da ruwan zinariya. Sunan aikin kyungbur. A kan farin ake zuba launi, shi ma garin dutse ne da aka dama da gam na fata. Daga ƙarshe a rufe da man ƙyalli na ƙaron itace ko na mai. Sai shekaru su ƙara nasu: hayaƙin fitilar man shanu da ke ci dare da rana a ɗakunan ibada, ya zauna ya zama kunkunniya mai maiƙo.

Ka ga ke nan duk abin da ya riƙe zanen gam ne da ruwa ke narkarwa. Jiƙaƙƙen tsumma ɗaya a wurin da man ƙyallin ya tsage ya isa ya ɗebe launi har zuwa farin.

Launukan ma a san su, don lafiyar mai taɓawa. Shuɗi da tsanwa na da daga duwatsun tagulla ake niƙa su, waɗanda aka fi sani daga yankin Nyemo, yamma da Lasa. Ja mai haske akwai zaiba a cikinsa. Ruwan goro dalma ce. Rawaya mai ɗaukar ido kuwa akwai asenik, guba ce sosai. Muddin suna manne a jikin katako babu abin tsoro. Ranar da aka sa takardar guga, ranar ce suka zama ƙurar da kafinta da yaran shago za su shaƙa. Kada a zuba abinci a ciki, kada a bar yaro mai rarrafe yana ɓantarar ɓawon fenti.

Tsoho ne ko an tsufar da shi?

Tun 2007 ƙa'idar Sin ta hana fitar da kayan tarihi da aka yi kafin 1911, kayan ƙananan ƙabilu masu muhimmanci kuma, har da na Tibet, an hana fitar da waɗanda aka yi kafin 1966. Saboda haka wanda ya loda maka kabad a birnin Gwanzu na Sin bara ya ce na ƙarni na 18 ne, ko dai sabo ne, ko kuma ya fito ta hanyar da ba ta dace ba. Na farkon ya fi yawa nesa ba kusa ba. Sabo ba laifi ba ne idan an sayar da shi a matsayin sabo da kuɗin sabo.

Ka fara da baya da ƙasa, ka bar gaban tukuna. Tsohon aiki gabansa kawai ake ƙawatawa, baya da ciki katako ne tsirara, da sawun gizago ko na zarton hannu, layukan ba su daidaita ba. Sawu mai lanƙwasa iri ɗaya a jere na zarton inji ne. Filawud, ko sukurori, ko ƙusoshin kanti masu kai zagaye a ainihin ginin, duk alamar aikin zamani ne ko gyaran baya-bayan nan. Ka ɗaga ƙyaure ka duba ramin da yake juyawa: wanda aka buɗe shekara 150 ya cinye ya koma kamar ƙwai, tsinin ma ya sirance ta gefe ɗaya.

Yaudarar da ta fi wuyar kamawa ita ce tsohon katako da sabon zane. Akan samo tsohon akwati marar ado, a zana masa dodo, a shafe da wani abu mai duhu. A nan fitilar waya da madubin ƙara girma za su yi maka aiki. Haska daga gefe, ka bi tsagar katako da ramukan ƙwari. Idan fenti ya gangara cikin tsaga ko ya toshe ramin ƙwaro, bayan tsagar aka yi shi. Tsohon fenti tare da katako yake tsagewa, bakinsa a yanke tsaf. Duhun gaskiya kuma ba ya zama bai ɗaya: ya fi kauri a sama da cikin lungunan sassaƙa, ya goge a inda hannu ke kamawa. Duhun da ya rufe ko'ina daidai wa daida, har ƙarƙashin akwati, da buroshi aka sa shi. Ka sa hanci ciki. Tsoho warin hayaƙi da tsohon man shanu yake yi, sabo warin kanti.

Launi ma yana ba da shekara. Shuɗin masana'anta mai tsananin haske an fara yinsa a Faransa wajen 1828, wani tsanwa mai kaifi kuma a Jamus a 1814, kuma sun ɗauki lokaci kafin su isa Tibet. Kayan da ke ɗauke da su a zanensa na farko ba a yi shi kafin ƙarni na 19 ba.

Wata magana da ta shafi gidajenmu. Yawancin zanen ado ne kawai: furen bado, ganyaye, kwaikwayon alharinin Sin, ƙulli marar ƙarshe, kifi biyu, zakin ƙanƙara. Amma akwai kabad da ake kira torgam, na ajiye hadayar ibada, mai fuskoki masu ban tsoro da ƙoƙunan kai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da irin wannan a ɗakinsa ba, ya bar shi tun a kasuwa ya zaɓi mai furanni. Abin da ba na so shi ne a saya sannan a kankare fuskar. An ɓata aikin mutane, an zubar da kuɗi, an kuma shaƙi guba.

Abin da yanayinmu ke yi masa

Lasa tana kan tudu mai tsayin kusan mita 3,650, iskarta busasshiya ce mai sanyi, ƙwarin katako ba su da ƙarfi a can. Bushewar hunturunmu ita kaɗai ba baƙuwa ba ce ga wannan katako. Abin da bai saba da shi ba shi ne lilo tsakanin Agusta da Fabrairu. A tsakiyar damina laimar iska a Garwa takan haura kashi 80 cikin 100, a hunturu da rana ta faɗo ƙasa da 20. Katako yana shan laima ya kumbura ta faɗinsa, ya bushe ya tsuke, tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. A irin wannan lilo, allo mai faɗin santimita 40 yana iya motsa milimita 6 zuwa 12, gwargwadon yadda aka tsaga shi daga gungume. Farin shafen da ke kansa ba ya miƙewa haka. Idan katako ya tsuke, fentin ya rasa wurin zama, sai ya tashi kamar ɗan rufin bukka a bin tsawon katako, ka taɓa ya ruguje. Abin da ake so shi ne laima tsakanin 40 da 60, kuma sauyin ya zo a hankali.

Hanyar da kayan ke bi ita ce jarrabawa ta farko. Ya yi makonni a teku, ya zauna a laimar Duwala, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan mota ta gangaro da shi Garwa ko Marwa ko ta wuce Kusuri. Idan wannan ya faɗo a Janairu, cikin kwana kaɗan ya fita daga jiƙa ya shiga ƙuna. In da hali a sa ya iso cikin damina, ya bi shekara ya bushe tare da gari. In ya riga ya iso a hunturu, kada a kware shi ranar. A bar shi cikin kwalinsa a ɗaki na ciki mako biyu, a buɗe gefe ɗaya a ƙara mako guda, sannan a fitar.

Wurin ajiya: ɗakin ginin ƙasa mai kaurin bango ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano marar silin, domin ƙasa tana shan laima tana sakewa a hankali. A nisanta shi da bango santimita 10, a ɗora kan ƙafafun ƙarfe santimita 15 daga ƙasa yadda tsintsiya da ido za su shiga. Kada rana ta taga ta taɓa shi. Jan nan mai zaiba baƙi yake komawa a hasken rana. Kada a sa shi gaban na'urar sanyaya ɗaki, don da ɗaukewar wuta da dawowarta sai ya yi damina da rani sau uku a yini. A cika cikinsa da barguna ko zannuwan auduga, suna rage saurin sauyin. A hunturu randar ruwa a ɗaya kusurwar ɗakin tana taimakawa, a rufe tagogi, a yafa masa farin yadi. Leda kuwa a'a: a damina tana tara gumi, kuma laima in ta wuce 70 ta daɗe, fumfuna za ta ci gam ɗin fatan. Ɗan ma'aunin laima mai batir ya fi duk wani hasashe.

Uwar gida, a yi haƙuri a raba shi da kaskon turaren wuta. Hayaƙin turare mai ne, yana zama kan fentin ya kama ƙurar hunturu.

Gara da ƙwari

Katako mai laushi da gam na fata abinci ne biyu a kwano ɗaya. Gara takan hau ta ƙafa ko ta bango, ta cinye ciki ta bar fenti a tsaye kamar ɓawon ƙwai. Duk mako a duba ƙafafu da baya ko akwai hanyar ƙasa irin wadda gara ke ginawa. Ƙwaro mai huda katako kuma ramukansa milimita 1 zuwa 2 ne. Don a san ko yana raye, a shimfiɗa baƙin yadi a ƙarƙashi mako biyu; in an ga gari mai haske kamar na tuwo ya zubo, yana ciki. Sai a samo maganin ƙwarin katako mai sinadarin fametirin, a zuƙa a sirinji, a ɗura rami bayan rami ta ciki da ta baya inda babu zane, a maimaita bayan wata guda. Ba a fesa shi kan fenti.

Ƙwayar nan da ake sa wa buhunan masara da wake a sito, kada a kawo ta gida saboda akwati. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum a ɗaki, tana kuma cin tagullar da ke jikin kayan. Shanya shi a rana cikin baƙar leda zai kashe ƙwarin, ya kashe zanen tare da su.

Shara da ɗan gyara

Ƙura da busasshen buroshi mai laushi ake ɗauke ta, irin na kwalliyar mata, daga sama zuwa ƙasa, bayan an haska an tabbatar babu ɓawon da ya tashi. Tsumma yana kama bakin ɓawo ya fizge. Ban da ruwa da sabulu, ban da kananzir, fetur ko tina. Kunkunniyar nan ma a bar ta. Cire ta aikin mai gyaran kayan tarihi ne, domin sau da yawa ta haɗe da man ƙyallin asali, in ta tafi tare suke tafiya.

Ɓawon da ya tashi ana iya kwantar da shi a gida in hannu ba ya rawa. A samo garin jelatin, wato tataccen gam na dabba, na saniya ko na kifi, marar zaƙi marar launi. Giram 3, wato ƙaramin cokalin shayi a shafe, cikin ruwa mai tsabta mililita 100. A bar shi ya jiƙa minti 30, a sa kofin cikin ruwan zafi har ya narke, ɗuminsa kada ya wuce yadda yatsa zai jure. In ya tafasa ƙarfinsa ya tafi. A kwantar da kayan yadda fuskar zanen ke kallon sama. Da siririn buroshi a ɗiga digo ɗaya a bakin ɓawon, zai tsotse da kansa ya shiga ƙarƙashi. A jira minti biyu ɓawon ya yi laushi, a ɗora takardar gashin burodi marar kamawa, a danna da yatsa a hankali, a ɗauke abin da ya fito da ɗan auduga, a ɗora ƙaramin buhun yashi ya kwana. A fara gwadawa a lungun da ido ba ya zuwa: in launin ya yi duhu ko ya bar zobe, a tsaya. Haɗin da ya fi wannan kauri yakan ja fentin ya ƙara ɓamɓare shi idan ya bushe. A zafinmu kwana biyu yake yi ya lalace, sai a dama sabo.

Za a ce ga ƙaro a kasuwa, Chadi ma fitar da shi take yi ƙasashen waje. Ƙaro na tawadar allo ne. A hunturu yana ƙeƙashewa ya tsage, a damina ya yi danƙo ya kira kiyashi. Farin gam na kafinta da gam mai kamawa nan take sun fi shi muni, don in sun shiga ba sa fita sai da fentin.

Tsagar da ta buɗe a Fabrairu kada a cike ta. A auna faɗinta a rubuta, a sake aunawa a Agusta. Sau da yawa za a tarar ta rufe da kanta. Wanda ya cusa mata abin cika mai tauri a rani, da damina katakon zai kumbura ya rasa wurin zuwa, sai ya bankare ko ya tsage a wani wurin. Haka allon da ke motsi cikin kwarminsa, motsin nan shi ne lafiyarsa, ba a manne shi, ba a buga masa ƙusa. Mahaɗar firam da ta saki kuwa ana mayar da ita da gam na fata: awo ɗaya na gam, biyu na ruwa, ya kwana a jiƙe, a ɗumama zuwa digiri 60, a shafa, a ɗaure da igiyar yadi an sa kwali a kusurwa. In tsinin ƙyaure ya karye, a fafe gurbinsa a dasa sabo na katako mai laushi da aka riga aka sa wa magani. Na ƙirya ko na ƙarfe zai ci ramin ya faɗaɗa shi cikin 'yan shekaru.

Akwatin makiyaya mai fata shi ne aka fi cuta da alheri. Fatar ta bushe, sai a ce bari a ba ta man kaɗanya ko man gyaɗa. Man yana shiga ya baƙanta ta, ya yi wari da zafin bazara, ya jawo ɓera da kyankyaso, in akwai zane a kan fatar kuma ya ɗaga shi. Buroshi ya ishe ta. Inda ta ɓalle daga katako a mayar da ita da ɗan gam na fata mai kauri, kaɗan, a danne. Ƙarfen kusurwa mai tsatsa a goge shi a bushe da buroshin haƙori, an kare fatar gefensa da kwali, sannan a shafa masa ɗan kakin zuma siriri a goge sosai, don kaki mai kauri yana laushi a zafin Afrilu ya riƙe ƙura. Wajen ɗauka kuma kada a kama hannayen ƙarfen da ke gefe, ƙusoshinsu a tsohon katako suke; mutum biyu su tallafo shi ta ƙasa, an fitar da kayan ciki, an ɗaure murfin da zane.